Yadda Ƙungiya Za Ta Wayar da Kan Masu Zaɓe a Unguwannin Masu Hali na Amurka Ba Tare da Ta Faɗa Rikicin Jam'iyyu Ba

Zaɓen rabin wa'adi a Amurka shi ne wanda ake yi idan shugaban ƙasa ya kusa cika shekara biyu a kan mulki. Ana yin sa ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, na 2026 kuwa ya faɗo ranar 3 ga wata. A ranar ake sake zaɓen dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai, da kusan sulusin kujeru 100 na Majalisar Dattawa, da gwamnoni 36, ga 'yan majalisun jihohi da ƙananan muƙamai barjat. Wannan bayani na ƙungiyoyin al'umma ne da kwamitocin masallatai da majami'u, waɗanda mutanensu suka zama 'yan ƙasa, suka tare a unguwannin da ke kewaye da manyan birane, kuma suke son koya wa jama'arsu yadda ake jefa ƙuri'a. Aikin ba shi da wuyar fahimta, amma a irin waɗannan unguwanni an sa masa ido ƙwarai. Kuskure ɗaya kan jawo wa ƙungiya tara, ko ya sa ƙuri'ar mutum ta lalace, ko ya jefa shi cikin matsalar takardun zama.

Ku fara sanin filin da za ku shiga

Yawancin mazaɓun Amurka an san inda za su faɗa tun kafin a buga takardar ƙuri'a: tsakiyar birni na Dimokurat ne, karkara ta Rifablikan. Kujerun da ake fafatawa da gaske 'yan gomomi ne, kuma da yawansu suna unguwannin masu hali na kewayen birni, inda masu digiri da masu gidan kansu suka yi yawa. Da can waɗannan wurare gidan Rifablikan ne. Daga 2016 abin ya fara juyawa. A shekarar, gundumar Orange ta Kalifoniya ta zaɓi Dimokurat a takarar shugaban ƙasa karo na farko tun 1936, gundumomin Cobb da Gwinnett na gefen Atlanta su ma suka juya. A 2018 Dimokurat suka ƙara kujeru kusan 40 a Majalisar Wakilai, galibi daga irin waɗannan unguwanni: Lucy McBath ta kayar da Karen Handel a mazaɓa ta 6 ta Jojiya, kujerar da jigon Rifablikan Newt Gingrich ya taɓa riƙewa, Jennifer Wexton ta ɗauke mazaɓa ta 10 ta Bajiniya, Colin Allred da Lizzie Fletcher suka ci a gefen Dallas da Houston. Dokar haraji ta 2017, wadda ta taƙaita rangwamen harajin jiha da na gida a kan dala 10,000, ta ɓata wa masu manyan gidaje rai a New Jersey da New York da Kalifoniya.

Amma kada ku ɗauka unguwannin sun zama mallakin kowa. A 2021 Glenn Youngkin na Rifablikan ya ci gwamnan Bajiniya a kan rigimar makarantu da ta yi zafi a gundumar Loudoun. A 2022 Rifablikan suka karɓi Majalisar Wakilai da 222 a kan 213, kuma kujerun Long Island da kwarin Hudson a New York na cikin abin da ya ba su rinjayen. A can Mike Lawler ya kayar da Sean Patrick Maloney, wanda shi ne ke jagorantar yaƙin zaɓen 'yan majalisar Dimokurat a shekarar.

Inda 'yan dubban ƙuri'u ke yanke hukunci, duk wanda ya kafa tebur yana koyar da zaɓe sai an tambayi wa yake yi wa aiki. Rifablikan suna cewa "wayar da kai" sau da yawa lulluɓi ne na tara wa Dimokurat ƙuri'a. Hujjarsu mafi girma ita ce kuɗin da Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan suka bayar a 2020, kimanin dala miliyan 400, yawancinsa ta hannun wata ƙungiya mai suna Center for Tech and Civic Life zuwa ofisoshin zaɓe. Bayan haka jihohi sama da 20 suka hana ofisoshin zaɓe karɓar kuɗin masu zaman kansu. Sun kuma yaƙi umarnin Shugaba Biden na Maris 2021 da ya sa ma'aikatun tarayya taimakawa wajen rajistar masu zaɓe, Trump kuwa ya soke shi ranar da ya dawo mulki a Janairu 2025. Dimokurat su kuma suna cewa sababbin dokokin zaɓe na Jojiya da Teksas na 2021 da ta Fulorida ta 2023 an yi su ne don a tsorata ƙungiyoyi su daina aikin.

A ganinmu ɓangarorin biyu suna tsaye a kan wani tsohon lissafi, cewa duk sabon mai zaɓe na Dimokurat ne. Wannan lissafi ya yi rauni. A zaɓen rabin wa'adi fitowar jama'a takan ragu: kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka cancanta a 2014, kusan rabi a 2018, kimanin 46 a 2022. Waɗanda ba sa fashi su ne masu ilimi mai zurfi da masu gida, kuma da yawansu yanzu sun karkata ga Dimokurat, yayin da masu fitowa jefi-jefi ba su da tabbas. Don haka ba ku san wanda mutumin da kuka koya wa zai zaɓa ba, kuma ba aikinku ba ne ku sani. Idan kuka gina shirinku a kan wannan, rabin zargin ya mutu.

Matsayin ƙungiyarku a wurin hukumar haraji

Kafin komai, ku duba takardar rajistarku. Idan ƙungiyar tana ƙarƙashin sashe na 501(c)(3), wanda masallatai da majami'u da yawancin ƙungiyoyin taimako suke ciki, doka tun 1954 ta hana ta goyon baya ko adawa da kowane ɗan takara. Hukuncin zai iya kaiwa ga ƙwace rangwamen haraji. Hukumar haraji ta tarayya, IRS, ta fitar da bayani mai lamba 2007-41 da misalai 21 na abin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Ku sa mutum biyu a kwamiti su karanta shi daga farko har ƙarshe.

An yarda ku yi rajista, ku koyar da hanyoyin zaɓe, ku kai mutane rumfa, ku shirya zama da 'yan takara. Ba a yarda ku zaɓi unguwa saboda jam'iyyar da take bi ba, ko ku tambayi mutum wa zai zaɓa kafin ku taimake shi, ko ku ba ɗan takara ɗaya jerin lambobin mambobinku. Za ku iya zaɓar wuri saboda mutanensa sababbin 'yan ƙasa ne ko rajista ta yi ƙaranci a can. Ku rubuta wannan dalili a takardar taron kwamiti da kwanan wata, tun kafin a fara. Shugaban ƙungiya ko liman yana da 'yancin ra'ayinsa a matsayinsa na mutum, amma hanya mafi aminci ita ce kada ya faɗe shi a kan mumbari, ko a takardar sanarwar ƙungiya, ko a taronta. Wurin da aka fi zamewa yau shi ne zauren WhatsApp na ƙungiya: wani ya turo tallan ɗan takara, mai kula da zaure ya sa alamar yabo, wani ya ɗauki hoton allo. Ku ware zaure na sanarwar zaɓe wanda mutum biyu kaɗai ke iya rubutu a ciki.

Tambayar farko a teburin rajista

"Ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa?" Wannan ce tambayar da za a fara yi, kowane lokaci, ga kowa. Mai katin zama na dindindin, ko ya shekara ashirin yana biyan haraji, ba ya zaɓen tarayya. Dokar 1996 ta mayar da jefa ƙuri'ar wanda ba ɗan ƙasa ba laifi, kuma sa hannu a fom da ke cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba zai iya hana mutum zama ɗan ƙasa, har ya kai ga kora. "Ban sani ba" da wuya ta ceci mutum. Tarkon da ya fi kama mutane yana ofishin lasisin tuƙi, domin dokar 1993 ta sa ana tayin rajistar zaɓe a can. Mutum na sauri, Turancinsa bai nuna ba, ya danna "e" a allo. Ku faɗa wa masu katin zama a fili: idan aka yi muku tayin, ku ƙi. Wanda ya ga an riga an yi masa rajista bisa kuskure kada ya jefa ƙuri'a, ya nemi lauyan shige da fice kafin ya rubuta wa kowa wasiƙa.

Wanda ya yi rantsuwa kwanan nan yana da nasa cikas. Bayanansa a ofishin lasisi da na Social Security, hukumar da ke ba mutum lambar aiki da fansho, suna iya nuna shi har yanzu a matsayin baƙo, sai na'urar jiha ta riƙe rajistarsa. Ya je ya sabunta bayanan, kuma ranar zaɓe ya riƙe fasfon Amurka ko takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Sai batun suna. Wanda lasisinsa ke cewa Mohammed, ya rubuta Muhammad a fom, ko ya sa sunan mahaifi a gurbin sunan farko, zai iya samun matsala wajen daidaita bayanai. A kwafi suna harafi da harafi daga lasisi. Ranar haihuwa kuma a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana: 4 ga Satumba ita ce 09/04.

Wa doka ta yarda ya karɓi fom

Nan jihohi suka sha bamban, kuma nan tara take. A Teksas ba wanda zai karɓi cikakken fom daga hannun wani sai gunduma ta horar da shi ta naɗa shi mataimakin mai rajista na sa-kai. Naɗin na gundumar da ta ba shi ne, yana ƙarewa a ƙarshen shekara mai lambar cika, kuma dole ya miƙa fom cikin kwana 5. Wanda gundumar Harris ta naɗa bai isa ya karɓi fom ɗin mazaunin gundumar Fort Bend ba sai ita ma ta naɗa shi, alhali titi ɗaya kan raba su. A Fulorida dole ƙungiya ta yi rajista da sashen zaɓe na jiha, ta ba kowane mutum rasit, ta miƙa fom cikin kwana 10. Jimillar tarar shekara za ta iya kai dala 250,000.

Shawararmu ga ƙaramar ƙungiya: inda jiha ke da rajista ta intanet, kada ku taɓa takarda ko ɗaya. Ku ajiye kwamfuta ko waya, mutum ya shiga shafin jiha ta vote.gov, ya cike da hannunsa, ku tsaya gefe kuna amsa tambaya. Kada ku kwafi lambar lasisinsa ko ta Social Security. Inda babu rajistar intanet ga kowa, kamar Teksas, ku tura mutum biyu ko uku horo tun watan Yuli.

Ranar rufe rajista ita ma ta jiha ce: kwana 30 kafin zaɓe a Teksas, kusan haka a Jojiya, kwana 15 a Pennsylvania, yayin da Wisconsin da Minnesota ke yin rajista har a ranar zaɓe. Ku sa wa kanku wa'adi mako biyu kafin na hukuma, don a samu lokacin gyara.

Adireshi, gunduma, mazaɓa

Kuskuren da ya keɓanta da kewayen birni shi ne ɗaukar sunan garin da ke kan ambulan a matsayin gunduma. Adireshin da ke cewa Atlanta zai iya kasancewa a Fulton ko DeKalb ko Cobb. Lambar gidan waya ɗaya kan ratsa mazaɓu biyu. Ga shi an sake zana mazaɓu bayan ƙidayar 2020, a 2025 kuma Teksas da Kalifoniya suka sake taɓa taswirarsu, saboda haka wakilin da mutum ya sani bara ba lalle ne shi ne a takardarsa ta bana ba. Kada ku buga takarda ɗaya da sunayen 'yan takara ku raba wa masallaci duka. Ku koya wa kowa ya shiga shafin ofishin zaɓen gundumarsa da adireshinsa, ya fitar da samfurin takardar ƙuri'arsa, ya duba rumfarsa.

Wanda ya ƙaura daga haya a cikin birni zuwa sabon gida a wata gunduma dole ya sabunta rajista. Canza adireshi a gidan waya bai wadatar ba. Ɗalibin jami'a ya zaɓi wuri ɗaya, gidan iyaye ko makaranta, ba duka biyu ba. A Jojiya doka ta bai wa kowane mai zaɓe damar ƙalubalantar rajistar mutane ba iyaka, kuma a 2022 an shigar da irin wannan ƙara a kan dubun-dubatar mutane a Gwinnett. Wanda ya samu wasiƙa daga ofishin zaɓe kada ya jefa ta cikin tarin talla. Ya buɗe, ya amsa.

Ƙuri'a ta gidan waya, inda aka fi yin asara

Idan lokacin koyarwarku awa ɗaya ne, ku ba wannan minti ashirin, da ambulan na gwaji a hannu. A Pennsylvania, inda gundumomin Bucks da Montgomery da Chester da Delaware ke kewaye da Filadelfiya, ambulan biyu ne: a sa takardar ƙuri'a a na ciki, a liƙe, a sa shi a na waje, a sa hannu, a rubuta kwanan watan ranar. Wanda ya manta na ciki ƙuri'arsa ba za a ƙirga ba, kuma dole ta isa ofis kafin ƙarfe 8 na daren zaɓe. A Wisconsin sai da shaida, ya sa hannu ya rubuta adireshinsa. A Teksas ba kowa ke da damar ba, sai mai shekara 65 ko mai naƙasa ko wanda ba ya gundumar, da wasu 'yan dalilai. Kuma tun 2021 ana neman lambar lasisi ko lambobi huɗu na ƙarshe na Social Security a kan ambulan, wadda dole ta dace da wadda ke rajista. A zaɓen fid da gwani na Maris 2022 an yi watsi da kusan ɗaya cikin takwas na irin waɗannan ƙuri'u. Maganin mai sauƙi ne: a rubuta lambobin biyu.

A Jojiya ana neman takardar daga kwana 78 zuwa kwana 11 kafin zaɓe. Ƙungiya ba ta da izinin aika wa mutum fom ɗin nema da aka riga aka cike masa, kuma aika wa wanda ya riga ya nema yana da tara. Kada ɗan sa-kai ya tara ƙuri'un mutane ya ce zai kai musu. Jihohi da yawa sun taƙaita wannan ga dangi ko mai jinya. Wanda zai aika ta gidan waya ya aika aƙalla mako guda kafin wa'adi, ya bi sawunta a shafin gunduma. Ga mai lafiya da mota, jefa ƙuri'a da wuri a rumfa ya fi aminci: Bajiniya na buɗewa kwana 45 kafin zaɓe, Jojiya na ba da kwana 17 har da Asabar biyu.

Zama da 'yan takara

Jama'a sukan so su ga 'yan takara ido da ido, 'yan takarar unguwannin da ake fafatawa kuma sukan zo. Ku aika wa duk wanda ke kan takardar ƙuri'a na wannan kujera wasiƙa iri ɗaya, rana ɗaya, ku ajiye kwafi. Lokaci daidai ga kowa, misali daƙiƙa 90 ga amsa, da agogon da kowa ke gani. A yi ƙuri'a a kan wanda zai fara. Tambayoyi su ratsa batutuwa da yawa: harajin gida, makarantu, kiwon lafiya, shige da fice, tsaro, manufofin waje. Idan duka tambayoyin a kan batu ɗaya ne wanda an san matsayin ƙungiyarku a kansa, kun nuna ɓangare ko ba ku faɗa ba. A karɓi tambayoyi a rubuce, mai gabatarwa ya karanta ba tare da sharhi ba. Ba tara kuɗi, ba raba tutoci a cikin zaure. Idan ɗan takara ɗaya kaɗai ya amsa gayyata, ku soke. A takarar tarayya ƙa'ida na neman aƙalla biyu kafin a kira abin muhawara. Ƙin amsa gayyata na faruwa sosai, domin wasu 'yan takarar Rifablikan sukan ƙi zaman da ƙungiyar wayar da kan masu zaɓe ta League of Women Voters ta shirya, suna zarginta da karkata, ko da yake tun 1920 take cewa ba ta goyon bayan ɗan takara. Gayyatar da ta fito daga ƙungiyar unguwa tare da ƙungiyar 'yan kasuwa ko majami'ar maƙwabta ta fi samun karɓuwa a ɓangarorin biyu.

Idan za ku buga amsoshinsu, ku ba kowa iyakar kalmomi ɗaya, ku buga yadda ya rubuta, wanda bai amsa ba ku rubuta "bai amsa ba" kawai. Fassara zuwa Hausa mutum biyu su duba ta, kuma a buga ta gefe da gefe da Turancin.

Harshe, abinci da ranar zaɓe

Dokar 'yancin zaɓe ta tilasta wa wasu gundumomi buga takardu da Sifaniyanci, da wasu harsunan Asiya, da na 'yan asalin ƙasar; Gwinnett ta shiga wannan jeri don Sifaniyanci a 2016. Harsunan Afirka ba sa ciki. Amma sashe na 208 na dokar ya bai wa makaho, da mai naƙasa, da wanda ba ya iya karanta takardar damar shiga da mataimakin da ya zaɓa, muddin ba ubangidansa na aiki ba ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa. Dattijuwa za ta iya shiga da 'yarta. Mataimakin ya karanta, ya yi alama inda aka ce masa, kuma a wasu jihohi zai sa hannu a takardar rantsuwa.

Ba da kyauta don mutum ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a laifi ne a dokar tarayya, ko da shayi ne aka ce sai an nuna alamar an yi zaɓe. Idan kun dafa abinci, na duk wanda ya zo ne. Mota zuwa rumfa halal ce, muddin direba bai yi maganar ɗan takara ba. Kowace jiha tana da tazarar da ba a yin kamfe a cikinta: ƙafa 100 a Teksas, 150 a Jojiya da Fulorida, 40 a Bajiniya. A Jojiya raba ruwa ko abinci a cikin ƙafa 150 na ginin rumfa ma an hana.

Ku nanata wa jama'a abu biyar. Su juya takardar, domin bayanta ma akwai kujeru da tambayoyi. Barin gurbi babu alama ba ya lalata sauran, amma alama biyu a gurbin mutum ɗaya tana kashe wannan gurbin. Wanda ya yi kuskure ya nemi sabuwar takarda. Wanda ke kan layi lokacin rufewa yana da damar jefawa, kada ya tafi. Wanda ba a ga sunansa ba ya fara tambaya ko rumfarsa ce ta canza, ya je can idan da lokaci; ƙuri'ar wucin gadi da dokar 2002 ta tanada, wadda ake ajiyewa gefe har a tantance mai ita, mafita ce ta ƙarshe, domin a Jojiya wadda aka jefa a rumfar da ba ta mutum ba kafin ƙarfe 5 na yamma ba a ƙirga ta. Layin taimako na 866-OUR-VOTE yana da lauyoyin sa-kai a ranar.

Aikin bai ƙare daren Talata ba. Wanda ya jefa ta wucin gadi saboda rashin katin shaida yana da 'yan kwanaki ya kai shi ofis, kwana 3 a Jojiya, don haka ku sa mutum ya buga wa irin waɗannan waya safiyar Laraba. A Jojiya kuma idan ba wanda ya wuce rabin ƙuri'u ana zagaye na biyu bayan mako huɗu, kamar yadda Raphael Warnock da Herschel Walker suka yi ranar 6 ga Disamba 2022. Kwanakin jefawa da wuri a wannan zagaye kaɗan ne, sai a fitar da sanarwa a makon farko. Wasiƙun gayyata, takardun da kuka raba, dalilin zaɓar unguwa da sunayen waɗanda aka horar, duk ku haɗa su a fayil ɗaya ku miƙa wa sakataren ƙungiya, domin idan ƙorafi zai zo daga wata jam'iyya ko hukumar haraji, yakan zo ne watanni bayan an sanar da sakamako.